Tokar da Na Zuba a Lambun Baba

Lavaris, 14 ga Maris

Zuwa ga mijina Ermes,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka. Yaya sanyin Norwe? Yaya gwiwar nan taka? Ina fata kana ɗaure ta kafin ka shiga ramin da kuke haƙawa, ko da yake na san halinka. Mu nan lafiya lau. Mahaifinka, Baba Gelindo, shi ma lafiya, sai ɗan tarin da ba ya rabuwa da shi. Ƙanƙara ta narke a bakin hanya, saura ta kan tudu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Sau biyu ina ɗauko maganar nan a waya, sau biyu kana ce mini "to, to, ma yi magana," ina jin ƙarar cokalinka a kwano. Don haka zauna ka karanta.

Murhun pelet ɗin da muka sa wa Baba don ɗumama gida, mai cin 'yan ƙwayoyin katakon nan na buhu, ya toshe ranar Litinin. Shekara biyu kai kake share shi, bana ba ka nan, sai na kira Tiziano mai gyaran murhu daga garin Tolmezzo. Yana jawo akwatin toka sai ya tsaya. Ya murza da yatsa, ya shinshina, ya ce, "Uwar gida, me kuke ƙonawa a nan?" Na ce pelet mana, me ake ƙonawa a murhun pelet? Ya ce in ba shi kofin gilas da ruwan ɗumi, ya jefa ƙwaya biyar a ciki. Ka san in dusar katako ce zalla aka matse, narkewa take yi ta koma dusa mai ƙamshin daji. Wannan kuwa tana narkewa sai ga ɗigo-ɗigo sun taso, shuɗi da fari da ja, ga warin gam. Fenti ne, Ermes. Tiziano ya ce tsofaffin ƙofofi ne da kabad da katakon da aka jiƙa da maganin ruɓewa, aka niƙa aka matse, mu kuma muna ta ɗumama gida da su. Ya juya buhun yana neman tambari, babu ko harafi ɗaya. Na ce wurin Ivo abokin mijina muke saye. Ya taɓe baki kawai.

Sai ya juyo ya yi mini wata tambaya. Ya ce, "Tokar fa, ina kuke kai ta?"

Baba yana zaune bakin taga yana gyara ƙotar fartanya. Bai ɗago ba, ya dai nuna ni da haɓa.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka dalla-dalla ba. Tun sanyin farko da muka raba shi da murhun itacensa, bayan kafaɗarsa ta goce a wurin faskare, Baba ya ce tokar nan ba ta da kirki. Ya ce tokar itacen gaskiya fara ce, ba nauyi, ka hura ta tashi, wannan kuwa dunƙulewa take yi kamar siminti, ga wani kore-kore a jikinta. Ya ce ba za ta shiga lambunsa ba. Ni kuma na ɗauka haushin murhun yake ji, tunda har yau "kashin zomo" yake kiran pelet. Na ce a raina tsohon nan rigima kawai yake nema. Uwata ta zuba toka a lambu kowane Maris, mahaifiyarka ta zuba, kakanninmu sun zuba, wane gida ne a ƙauyen nan yake zubar da tokar sanyi a shara? Sai na bari ranar da motar asibiti ta tafi da shi gashin kafaɗa, na kwashi bokitaina na watsa a lambun nan nasa na gangare mai mataki-mataki, daga matakin sama har na ƙasa. Da ya dawo ya gani ya ce, "Kin kyauta," ya shige ciki. Shekara ta biyu ban ma ɓoye ba. Ta bana makon jiya na watsa.

Tiziano ya ɗebi toka a kwalba, ya ɗebi ƙasa daga wuri shida, ya ce a kai ɗakin gwaji a birnin Udine. Na kai jiya. Na kashe murhun, muna fama da ɗan abin ɗumama ɗaki na lantarki, Baba da riguna uku a jiki.

Abu ɗaya nake so ka yi mini. Ka kira Ivo ka tambaye shi daga ina yake samo kayansa. Kai ka kawo shi gidan nan kana ta murnar araha, kai zai gaya wa gaskiya.

Ka kula da kanka. Baba yana gaishe ka.

Matarka,
Nives


Lavaris, 9 ga Afrilu

Ermes,

Ina gaishe ka, da fatan aiki yana sauƙi, gwiwa kuma ta lafa. Mu muna nan da rai. Na ga amsarka, layi huɗu cif, ɗaya daga ciki ma tambayar inda ka bar safarka ta ulu ne. Tana cikin durowa ta biyu. Sannu da ƙoƙari.

Sakamako ya fito. Na je da kaina na karɓa, wata mata mai tabarau ta zaunar da ni ta bi takardar da biro layi-layi. Akwai dalma a tokar, da wasu gubobi biyu da harshena ya kasa riƙe sunansu, masu fitowa daga fenti da maganin katako. Ta ce wuta ba ta cinye su, itacen take cinyewa ta bar su a tattare cikin ɗan abin da ya rage, shi ya sa bokiti ɗaya na toka yake ɗauke da gubar buhu da yawa. Sun shiga ƙasar, ruwan sama kuma ba zai wanke su ba. Na ce to a bar lambun ya huta shekara biyu mana. Ta girgiza kai ta ce ba taki ba ne da zai ruɓe, ko jikokinmu suka zo za su tarar da shi. Maganinsa ɗaya: a kankare ƙasar sama, zurfin taƙi ɗaya da rabi, a kwashe a kai inda ake binne irin wannan. Dankali da kabeji da waken bara da suka rage a ɗakin ajiya kuma a daina ci, musamman yara da masu ciki.

Taƙi ɗaya da rabi, Ermes! Kai ka san abin da ke ƙarƙashin taƙi ɗaya da rabi a gangaren nan. Dutse ne. Ƙasar lambun nan babu wadda Allah ya ajiye a wurin, a baya aka hau da ita. Shekara sittin Baba da marigayiya mahaifiyarka suna sauka ƙasan gangare duk farkon ɗumi, su cika kwandon baya da abin da ruwa ya zaizaye, su hau da shi su mayar. Kai ma ka ɗauka kana yaro, kai ka ba ni labarin yadda igiyar take cin kafaɗa. Shi ne ni na lalata da bokiti tara.

Da na ga ba ka kira Ivo ba, na je da ƙafata. Na same shi yana wanke motarsa. Ya ce, "Haba Nives, katako ai katako ne. Rabin kwarin nan ni nake kai wa, wa ya mutu?" Na ce daga ina kake samowa? Ya ce wani ne yake kawo masa daga can ƙasa, shi ma wani ne yake ba shi. Na ce sunansa fa? Ya ce, "Ke yanzu 'yar sanda kika koma?" Wallahi da bokitin ruwan nan ya fi kusa da ni da ya sha shi a ka. Na kai ƙara ofishin da Tiziano ya kwatanta mini, suka karɓi buhu ɗaya, suka ce za su bincika. Nan gaba.

Baba kuwa, da ma zagina ya yi da na ji sauƙi. Na karanta masa takardar a kicin, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To." Na ce Baba, ka yi gaskiya tun farko, ni ce ban ji ba. Ya ce, "Miyarki tana ƙonewa." Ko kalma ɗaya ta gori bai yi mini ba, shirun nan kuma shi yake cina. Na ce matar ta ce in an kwashe za a iya sayo sabuwar ƙasa a buhu a zuba. Nan ne kawai ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kun kawo mini itacen buhu na gani. Yanzu kuma ƙasar buhu?" Ya ce babu mai taɓa masa lambu, kuma tsakiyar Mayu zai shuka wake kamar kullum.

Ka yi masa magana, don Allah. Ɗansa ne kai, ni matar ɗa ce, kuma mai laifi. Da wane baki zan hana shi?

Ka huta lafiya.

Nives


Lavaris, 6 ga Mayu

Mijina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka. Na ji an ce ruwa ya ɓalle muku a ramin, Allah ya ƙara tsarewa. Ka ci abinci da kyau, muryarka ta yi mini sanyi a waya.

Amma shawarar da ka ba ni ranar Lahadi ban karɓa ba. "A bar kaza cikin gashinta, tsoho ne, ki ƙyale shi ya yi shukarsa." Sauƙin faɗa ke nan ga wanda yake nesa. Zo ka ga gidan da ka bari.

Baba ya kafce matakai biyu na sama. Na ɓoye fartanya a ɗakin wanki, ya aro ta maƙwabta. Na ɓoye kwalbar irin wake a bayan kwanuka, ya same ta kafin in gama shanya, ya sa a aljihun kwat ɗinsa, yanzu da ita yake yawo har coci. Na daina dafa kayan ɗakin ajiya, ina sayo na kanti, shi kuma ya sauka ya ɗebo dankalinsa ya dafa a 'yar tukunyarsa, ya zauna gabana yana ci da gishiri. Na ce Baba, guba ce fa. Ya ce, "Shekarata tamanin da uku, 'yar nan. Gubar da take buƙatar shekara ashirin ta yi aikinta, in ta zo sai dai ta tambayi inda aka binne ni." Na ce to ni fa da zan zauna ina kallo? Ya ce in juya kujerata. Ka ji fa! Wuni muke yi haka, tukunya biyu a gida ɗaya, kamar waɗanda suka yi faɗan gado.

Na gaji, Ermes. Ina jin haushin Ivo, ina jin haushinka, ina jin haushin taurin kan tsohon nan, in na gama kewayawa sai in dawo kan mai bokiti.

Ga kuma abin da ya hana ni sukuni, wanda ni da kai duk muka yi kamar mun manta. Ba mu kaɗai muke cin lambun nan ba. Kowace kaka Baba yana zagaya gida goma sha ɗaya na ƙauyen nan da rabonsu, dankali da kabeji da kwalbar wake, tun kafin a auro ni. Ban gaya wa kowa ba. Wata guda takardar tana cikin jakata, kullum ina cewa gobe. Na san bakin mutanenmu. Har in mutu sunana matar da ta sa wa gari guba.

Jiya da hantsi Dorina ta shigo, matar direban bas ɗin nan ta gidan ƙarshe, da jaririnta Elia a hannu. Ta ce, "Inna Nives, ko Kaka Gelindo yana da sauran dankali? Namu ya kusa ƙarewa. Yaron nan tunda na fara ba shi abinci ba ya karɓar komai sai dankalin Kaka da aka dama. Na kanti tofarwa yake yi, ɗan gata." Tana dariya, yaron yana ja mata gashi. Ka san abin da na ce? Na ce, "Ya ƙare." Abin da na iya ke nan, ni mai bakin da ake tsoro a ƙauyen nan.

Da ta fita na juya sai ga Baba a bakin ƙofar baya, da takalman lambu a ƙafa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya ce, "Wata nawa yaron?" Na ce tara. Ya ce, "Ba ki gaya musu ba." Ba tambaya ba ce. Ya cire takalman ya shige ɗakinsa, ko abincin rana bai fito ba.

Gobe zan fara da gidan Dorina, na yi wa kaina alkawari. In ka ga dama ka yi mini addu'a, tunda yi wa Baba magana a waya ya gagare ka.

Taka,
Nives


Lavaris, 19 ga Mayu

Ermes mijina,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na gode da kiran da ka yi sau uku a makon nan. Ban iya ba ka labarin a waya ba don Baba yana kusa. Ga shi a rubuce.

Ban cika alkawarina ba, an riga ni. Washegarin ranar da na rubuto maka na fito da safe na tarar baro ba ya inda yake. Na leƙa hanya sai ga Baba can gaba, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci da hula, yana tura baro da kafaɗar nan tasa. Na bi shi da gudu da silifa. Na ce Baba ina za ka? Ya ce, "Karɓo kayana." Na ce kawo in tura. Ya ce in koma gida. Ban koma ba, na bi shi a baya kamar akuya.

Gidan Dorina ya fara. Ya cire hula ya ce, "'Yata, dankalin da na ba ki da waken, ki ba ni abina. Akwai guba a ƙasata. Ki kai yaron nan likita yau, kada ki bari sai gobe." Ta ce wace irin guba, Kaka? Ya ce, "Tokar banza na zuba. Tsufa ne, ido ya tafi, ban duba ba." Na buɗe baki na ce ba haka ba ne, ni ce. Ya juyo ya daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba shekara talatin: "Ina magana kina magana?" Dorina ta shiga ta fito da ragowar buhun, ta ajiye a bakin ƙofa ba a hannunsa ba, ta rufe. Ban ga laifinta ba.

Haka muka bi gida goma sha ɗaya. A kowane gida sai ya cire hula ya maimaita, ni na zuba, ni na zuba. Tsoho Celso da suka yi makaranta tare ya ce, "Kai Gelindo, bar shirme, na riga na cinye, ga ni garau." Baba ya ce, "Kai da ma guba ba ta kama ka, ta ji tsoron giyar da ke cikinka. Kawo kwalbar." Wata ta yi kuka, wata ta ce ai da ma ta ga kabejin bara bai yi mata ba, ita da ta zo neman ƙari sau biyu. Sau huɗu yana tsayawa ya huta a hanya, bai bar ni na taɓa baron ba.

A hanyar dawowa na ce Baba, me ya sa ka ɗauki laifin da ba naka ba? Ya ce, "Ke kina da shekara talatin nan gaba da za ki sayi burodi a gaban mutanen nan. Ni nawa suka rage?" Na ce duk da haka zan faɗa. Ya ce in na faɗa na mai da shi maƙaryaci a gida goma sha ɗaya, in zaɓa. Ka ga inda ya ɗaure ni. Ko damar in ɗauki kunyata bai bar mini ba.

An ɗebi jinin Elia. Likita ya ce akwai ɗan abu kaɗan, bai kai na tashin hankali ba, za a sake dubawa bayan wata uku. Dorina tana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Da yamma ranar Baba ya ce in kira masu kwasar. Sun zo Laraba da wata ƙaramar katafila da ta hau gangaren da kyar. Na roƙe shi ya tafi wurin Celso ya wuni, ya ƙi. Ya fito da kujera ya zauna a bakin katanga. Yaron da ke tuƙin ya yi ladabi, ya ce, "Kaka, daga ina zan fara?" Ya ce, "Daga sama. Ka bi a hankali wurin katangar nan, ba siminti a cikinta." Kafin a buga ƙararrawar coci ta tsakar rana an gama. Ban taɓa sanin abin ba shi da yawa haka ba, Ermes. Cikin mota uku kacal. Yanzu in ka leƙa ta tagar kicin dutse ne fari, mataki-mataki.

Jiya Asabar ya ce miyar wake da sha'ir yake so. Na ce babu wake a gidan, sai in na sauka kanti. Ya ce zai bi ni. Muka shiga bas har Tolmezzo. A kantin ya tsaya gaban kantar wake ya daɗe, hannunsa a baya. Can ya ɗauki leda ɗaya yana juyawa, ya kira yarinyar da ke jera kaya ya ce, "'Yata, wa ya noma wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Ina zan sani, Kaka? Duba baya, an rubuta ƙasar da ya fito." Ya ce, "Ba ƙasa na tambaya ba. Mutumin." Ta ce ba ta sani ba, babu wanda ya sani. Ya gyaɗa kai, ya sa ledar a kwandona.

Yau na dafa. Ya cinye tas, ya goge kwanon da burodi, ya ce, "Ta yi daɗi. Sannu, 'yata." Na ce zan je kwaso shanya, alhali ban yi wanki ba. Na tsaya a bayan gida na yi kukana har ya ishe ni.

Ka nemi hutu ka zo gida, Ermes. Ba don ni ba. Tun safe yake tashi kamar yadda ya saba, ya sa takalmansa, ya fita ƙofar baya, ya tsaya.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Nives